Rasuwar Shirwa a Kwatar Wara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙarƙari a karye, Zaharaddeen Cindo na Birnin Yauri yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsa mai tashi sama, wadda aka fi sani da Shirwa. Ta rasu da hantsi ranar kasuwar Wara, sakamakon harbin adaka da dukan filafili.

Marigayiyar ba 'yar nan ba ce. Ta fara aiki a hannun Malam Bahtiyar, mai ɗaukar fim daga Uzbekistan, wanda ya yi furfura yana bin mahaya dawaki a duwatsu da mata masu tsinkar auduga. Babban aikinsu tare shi ne na tekun ƙasarsu da ya ƙafe: jiragen masunta zaune a kan rairayi sun yi tsatsa, raƙuma na shan inuwarsu. Da ya zo ɗaukar masuntan Kainji, Zaharaddeen ne tafintansa. Da zai koma ya bar masa ita, ya ce tafkin nan yana da sauran rai, a sa masa ido.

Ta kuwa sa ido. Ba ta taɓa rage abin da ta gani don wani babba ya ji daɗi ba. Idan aka tashe ta sai ta ce “ti-ri-rit”, ta ɗaga da “zuuu” kamar taron zuma, yara na bin ta a guje.

Ajalinta ya zo ne a kan gidan sauro. Wanda aka raba don kare jarirai, shi ne Tamada, mai jirage a kwatar, ya sa aka ɗinke ya zama taru, yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Kowa ya sani, kowa ya yi gum. Shirwa na shawagi a kan tarun sai Tamada ya ɗora hannu a ka ya kwarma ihu: “Jama'a, infoma! Jirgin 'yan daji ne!”

Sulaiman ɗan sa-kai bai tambayi kowa ba, ya ɗana adakarsa ya saki. Farfelarta ta tarwatse, ta yi juyi ta faɗo bakin ruwa tana “tit, tit, tit”. Aka bi ta da filafili har idonta ya fashe, aka zare memorinta aka wurga tsakiyar tafki. Sannan aka juyo kan mai ita. Aka kayar da shi, aka tattake, jini ya cika masa baki, wani na kiran a kawo taya. Binta mai suyar kifi ce ta faɗa kansa ta kare shi tana zaginsu: “Ɗan Cindo ne, shashashai! Wanene a cikinku bai ci tuwon uwarsa ba?”

Ta rasu ta bar rimot, da batir da bai huce ba, da caja wadda ba ta shiga komai sai ita. Ta bar Inna, mahaifiyar Zaharaddeen, wadda ke cewa a bar wa Allah. Ta bar dattawan kwata da suka ce ƙaddara ce, alhali ƙaddara ba ta ɗinka taru. Ta kuma bar wa mai ita suna: har yau idan ya shiga shago, hira na mutuwa.

Za a yi jana'iza Juma'a bayan an sauko, a kwatar Wara, daidai inda ta faɗi. Zaharaddeen zai halarta da sanda. Ba a buƙatar goro, ba a karɓar “sai haƙuri”. Gaisuwa ɗaya ake karɓa: duk wanda ƙafarsa ta taɓa shi ranar ya tsaya gaban jama'a ya ce ɗan Cindo ba infoma ba ne. Ba za a rufe ramin ba sai Tamada ya faɗa.