Ranar da Na Kai Makka Yamma

Ba zan taɓa mantawa da bangon aji biyar ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Haushin hedimasta nake ji, da na takardar da na shafa wa mai, amma mafi yawa haushin kaina.

Ni malamin Arabiyya ne. A allo na tashi, da ajami na fara rubuta sunana, boko kuwa sai da na girma na tsince shi. Kullum nakan hau babur daga Dutse zuwa wata firamare a bayan Kiyawa in koyar da abin da na sani in dawo. Sai aka yi wa malamin labarin ƙasa canjin wurin aiki, hedimasta ya tare ni a gindin darbejiya.

"Malam, kai za ka riƙe ajin."

"Ranka ya daɗe, ban karanci wannan fanni ba."

"Ƙasa ce fa. Ba a kanta kake tafiya ba?"

Haka aka naɗa ni (ko littafi ba a ba ni ba, gara ta riga ni karance shi). Zuciya ta ɗebe ni na ce sai na yi abin da wancan malamin bai yi ba. Na aro littafin taswira wurin wani abokina na yini ɗaya, na shafa wa farar takarda man gyaɗa don a riƙa hango abin da ke ƙarƙashinta, na bi zanen Afirka da ƙasar Larabawa da fensir. Abin da ban lura da shi ba, takarda idan ta sha mai, gabanta da bayanta duk ɗaya suke. Ranar Asabar na kwafe zanen a bango da fenti, daga bayan takardar.

Da na ja baya na duba, sai na ga Nijeriya a dama, Makka a hagu. Wallahi abin ya kwanta mini. Mutumin da ya saba fara rubutu daga dama, ina kuma tafiya za ta fara masa? Na tuna a littafin an sa Gabas a hannun dama, na rubuta shi da manyan baƙaƙe, na sa Yamma a hagu, na ƙara da ajami a ƙarƙashin kowane suna don ado.

Sati biyu ina koyarwa da sanda a hannu. Rannan wata yarinya mai suna Dije, wadda ke zuwa daga rugar bayan gari, ta ɗaga hannu. Ita kaɗai ce mace daga rugar, kuma sai da aka yi wata uku ana roƙon kakanta kafin ya bar ta ta shigo boko.

"Malam, ai Makka a gabas take."

"To, wa ya ce ba haka ba?"

"A bangon tana wajen Yamma."

Da na juya na dubi bangon sau ɗaya, da magana ta ƙare. Ban juya ba. Ni da nake jan salla idan liman ba ya nan, ’yar shekara goma za ta nuna mini alƙibla? Na ce ba ta da kunya, na ce daga littafin Turawa na kwafo, na sa ta durƙusa har aka tashi. Washegari ba ta zo ba. Jibi ma haka.

Ranar Alhamis ina cikin darasi sai ga hedimasta da wani tsoho mai malafa da sanda. Alhaji Buba ne, kakan Dije. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya wuce bangon. Bai iya boko ba, amma ajamin da na ƙara don ado ya karanta masa komai.

"Malam, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Baffa."

"Hannunka yana da kyau." Ya ɗora bakin sandarsa a kan Nijeriya. "Ina saurayi na bi mahaifina hajji ta ƙasa. Muka bi Barno, muka bi Chadi, muka bi Sudan. Kowace safiya rana a goshina take fitowa. Ko ita ma ta canja hanya?"

Ya ja sandar zuwa hagu a hankali, har ta tsaya a kan kalmar Yamma. A nan na gani. Yara arba'in suna kallon ƙeyata, hedimasta kuwa (wanda ya zo ya yaba zanen har sau biyu) ya shiga duba silin kamar yau aka kafa shi.

"Na ba ku yarinya ku ƙara mata sani," in ji tsohon. "Ta zo da gaskiyarta daga gida kun sa ta durƙuso. Gara ta zauna wurin shanu, su sun san inda rana take fitowa."

Da la'asar na bi shi ruga. Na yi bayanin man gyaɗa, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce idan ina so Dije ta dawo, sharaɗi ɗaya ne: inda na kunyata ta, nan zan wanke ta.

Ranar Litinin na tsaya gaban aji na ce Dije ce da gaskiya, ni ne da kuskure. Na shafe bangon da farar ƙasa, na sake zane, ita tana tsaye tana nuna mini dama da hagu. Alhamdu lillahi ta gama firamare, tana sakandare yanzu. Ni kuwa na samu suna. Har masu Keke Napep a tashar Kiyawa Malam Yamma suke kirana, ba su ma san dalili ba.

Abin da na koya kaɗan ne. Idan yaro ya ce ka dubi bango, ka duba kafin ka buɗe baki. Kuma duk lokacin damina, idan bangon ya jiƙe, tsohuwar Makka tana leƙowa ta ƙarƙashin farar ƙasa, can wajen yamma, tana jira in ɗaga wa wani murya.