Lambar da Ake Samunmu

A garin Rafin Tsamiya akwai wani bawan Allah, Cindo, ƙanen Alhaji Ɓaidu mai shagon 'yan tsaki da abincin kaji. Ya haura arba'in, ba mata ba ɗa, kuma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Aiki ɗaya ya iya a duniya, amsa waya. Shekara goma sha biyar ke nan da yayansa ya damƙa masa wata 'yar wayar hannu ya ce, "Riƙe, kada ka ba kowa, ko da ni ne." Duk mai kiwon kaji a yankin, Cindo ya san muryarsa tun daga sallama.

Sai ga Nazifi, ɗan Alhaji, ya dawo daga jami'a da wayar tebur mai aiki da intanet. Ba layi a cikinta, lambar tana hannun wani kamfani da ba wanda ya taɓa ganin ƙofarsa. Aka goge tsohuwar lamba a allon shago, aka rubuta sabuwa. Alhaji ya ce wa Cindo in ya kunyata shi a kan wannan, ƙauye zai koma kiwon awaki. Cindo kuwa ba shi da kowa a can sai kaburbura.

Wata rana Nazifi ya ce, "Kawu, kada ka tashi daga gabanta sai ta yi ƙara." Da hantsi aka ɗauke wuta, waya ta mutu murus. Cindo ya zauna ya zuba mata ido har la'asar, ko ruwa bai sha ba. Ashe Hajiya Tabawa, mai sayen 'yan tsaki ɗari biyar duk wata, ta kira har ta gaji, ta koma shagon tsallaken titi. Wuta ta yi laifi, Cindo ya sha zagi.

Wata rana kuma intanet ya yi rauni, murya na zuwa gutsi-gutsi. Nazifi ya ce, "In magana ta katse ka jira, za ta iso." Malam Jatau ya kira, "Cindo, kajina suna..." Shiru. Cindo ya manna waya a kunne. Bayan awa biyu sai ga Jatau a kan babur, da matattun kaji uku a hannu, ido jajur.

"Magani nake nema tun safe!"

"Yi haƙuri Malam, sauran maganarka nake jira, ba ta iso ba tukuna."

Kai, ranar har masu wucewa sai da suka ba Jatau haƙuri.

Wata rana waya ta ƙi yi gaba ɗaya. Alhaji ya fusata ya ce, "A kai musu kayansu su gyara!" Cindo ya naɗe ta a zani, ya shiga motar birni. Kwana biyu yana bin layi-layi yana tambayar ofishin kamfani. Ya dawo ƙafa a kumbure.

"Yaya, mutanen nan ba su da gida."

"Kai ma daga Juma'a ba ka da shi a nan," in ji Alhaji.

Maganar ta ƙona Cindo har ƙashi.

Ranar Laraba aka ba shi aikin sallama. Nazifi ya tura masa kwalayen 'yan tsaki ɗari uku da alƙalami, ya ce, "Rubuta lambar da ake samunmu a kowanne." Cindo ya yi tunani, tunda aka kawo sabuwa bai ga wanda ya same su ba. Sai ya rubuta tsohuwa, ɗaya bayan ɗaya. Kwalaye sun riga sun bazu ƙauyuka kafin a lura. Nazifi ya ce wannan ba wauta ba ce, mugunta ce.

Da safiyar Juma'a saƙo ya shigo wayar Nazifi da Turanci: kamfani ya rufe, lamba ta tafi da shi. Ba wanda za a kama, ba inda za a kai ƙara. Allon shago ya zama hoto.

Cindo kuwa yana tasha, cikin motar ƙauye, jaka a cinya, sai tsohuwar wayar nan ta ɗauki ƙara a aljihunsa. Malam Jatau ne, ya ga lambar a jikin kwali, yana son abincin kaji buhu huɗu. Kafin ya ajiye wani kiran ya shigo, sai wani. Wani fasinja ya kai labari shago, sai ga Alhaji a guje yana haki, babbar riga a kafaɗa.

Zuciyar Cindo ta yi sanyi, ya ɗauka shi aka biyo. Alhaji ko fuskarsa bai kalla ba, ya miƙo hannu ta taga.

"Ba ni wayar."

Cindo ya dubi hannun nan, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya mayar da wayar aljihu ya dafe.

"Yaya, kai ka ce kada in ba kowa, ko da kai ne."

Direba ya tada mota. Waya ta sake ƙara a aljihu. Alhaji ya zagaya ya buɗe ƙofa, ya sauke jakar Cindo da hannunsa.