Ranar da Motar Kawu Ta Kashe wa Gwaggon Ango Ido

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai Hadiza ɗakinta, kuma na san mutanen unguwar Treichville ba za su bar ni in manta ba.

Hadiza 'yar kawuna ce. Kawu Sani yana da wata tsohuwar motar Japan, irin wadda fitilunta ke kwance a rufe, sai an kunna su ɗago kamar mai farkawa daga barci. A mace ya sayo ta a wajen port, tashar jiragen ruwa. Kowace fitila da ɗan injinta, duka biyun sun ci tsatsa. Kawu ya kwance su a tsakar gidansa a unguwar Bromakoté, ya wanke, ya sa aka sassaƙa masa haƙoran tagulla a madadin na roba da suka cinye, ya shafa giris. Sai saiti: ya ɗaure noti kaɗan, ya kunna, ya tsuguna ya duba, ya sassauta. Har sai da idanun biyu suka riƙa tashi tare, ba wanda ya riga wani. Burinsa ɗaya: wannan motar ta kai 'yarsa.

Ni aka ba tuƙi, ni kuma na ɗora wa kaina ado. Na ja farin ƙyalle daga gilashi zuwa hancin mota, na rasa inda zan ɗaure bakinsa, sai na leƙa ƙarƙashin fitilar hagu na ga wani ƙarfe mai kyau (ashe hannun da ke ɗaga ta ne). Na ƙulle tamau.

Muna isa ƙofar gidan ango, dangi sun yi layi, na ce bari su ga aikin Kawu. Na kunna fitilun. Ta dama ta tashi ras. Ta hagu ta ɗago rabi, ƙyalle ya fizgo ta, ta rufe, ta sake ɗagowa. Daidai fuskar gwaggon ango.

"La ilaha!" in ji ta. "Ni wannan motar take kashe wa ido? Da jikokina?"

Mata suka fashe da dariya. Hadiza daga cikin lulluɓi ta ce, "Taubashi, ko motar ma ka koya mata halinka?"

Kawu ya fito daga motar baya. Ya naɗe hannun babbar riga, ya buɗe murfin inji, ya cire waya, ya kwance ƙullina, ya mayar, ya kunna. Fitilun suka tashi tare. Haƙori ko ɗaya bai karye ba. Dattawa suka kewaye shi suna tambaya, ya juyo ya miƙo mini ƙyallen.

"Riƙe, injiniya."

Tun daga ranar, in na ga ƙarfen da ban san aikinsa ba, gaishe shi nake yi in wuce.