Ranar da na naɗa Hajiya Magajiya

Ba zan taɓa mantawa da walimar sunan da aka yi a wani ɗakin taro da ke titin Gate City Boulevard a birnin Greensboro can ƙasar waje ba, domin a ranar ne bokona ya kusa hana ni aure.

Ina digiri na uku a fannin tarihi, bincikena kuwa kan matan da suka mulki Daura da kansu tun kafin zuwan sarakuna maza. Sarautarsu Magajiya ake kira. Kalmar nan ta shiga raina har na manta cewa a bakin mutanen yau, magajiya ita ce shugabar gidan karuwai (na sani fa, littafi ne ya rufe min ido).

Hajiya Rabi, uwar Hausawan Greensboro, ita ce ke riƙon Zainab, yarinyar da nake nema, kuma ba ta riga ta ba ni amsa ba. Da aka miƙo min makirfo in yi godiya, sai na ce yau zan burge ta.

"Jama'a," na ce, har da gyara hula, "Hajiya ita ce Magajiyar garin nan! Duk yarinyar da ta sauka Greensboro, a gidanta take fara kwana. Mu maza ma ba wanda bai san hanyar gidan ba."

Wani Alhaji ya ƙware da zobo. Zainab ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, ina jiran tafi.

Hajiya ta ajiye cokalinta a natse.

"To ɗana, in ni magajiya ce, kai me kake zuwa nema a gidana duk Asabar?"

A nan ne kalmar ta faɗo min da ma'anarta ta kasuwa. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na fara kame-kame ina kawo tarihin Daura, ta ɗaga hannu ta ce, "Zauna ka ci tuwo, malamin tarihi."

Wata uku ta ja min rai kafin ta ba ni Zainab. Har yau in ta kira ni a waya, abin da take fara cewa shi ne, "Magajiya ce, ina sirikina?"

Darasin da na koya: kafin ka ciro kalma daga littafi ka yi wa babba kirari da ita, fara tambayar aikin da take yi yanzu a gari.