Jarrabawar da Babu Mai Faɗuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗaura ɗankwalin biki, na fesa turare, na tafi jami'ar 'yata a Alƙahira karɓar yabo. Har yau in na tuna sai in ji da ma wani ya tare ni a bakin ƙofa ya ce in koma gida.

Ciwon gwiwa ne ya kai ni Masar. 'Yata Habiba tana karatun digiri na biyu a can, fannin halayyar ɗan Adam, da tallafin karatu, sai ta ce in zo likita ya duba ni. Na sauka wurinta a unguwar Ardul Liwa, a wani ɗan gida can saman bene (mai ciwon gwiwa fa, amma ban ce komai ba).

Na tarar suna wani aiki ita da ƙawarta Nasrin, 'yar Afganistan. Akwai wasu tambayoyi da likitoci ke yi don gane mutumin da jikinsa ya cika kawo masa labari, wanda ɗan motsi kaɗan a ciki ko a fata yake tsaya masa a rai. Nasrin ta mayar da su Farisanci tana gwadawa a kan matan ƙasarsu da ke unguwar Darrasa, Habiba kuma ta mayar da su Hausa. Malamarsu, wata Bamisriya da suke kira Daktora, ta ce sai an tabbatar tambayoyin na auna abin da aka ce suna aunawa kafin wani likita ya taɓa su.

Da na karanta takardar sai da na yi salati. Wai kina jin bugun zuciyarki in kina zaune shiru? Wai ɗinkin riga na damun fatarki? Wai kina saurin jin cikinki na motsi? Na ce wa Habiba ni dai a gidanmu ba a tambayar babba labarin cikinsa. Ta yi dariya ta ce shi ya sa take son ni in kai wa matan Hausawa na unguwa, don ni ba za su ji nauyina ba.

Na karɓa da murna, don ina ji da karatuna. Sai da na yaye auta na shiga yaƙi da jahilci, kuma ni nake zuwa ta ɗaya. Na tara matan a gidan Hajiya Mariyama, wata 'yar Damagaram mai sayar da turaren wuta, wadda ta daɗe a Masar har Larabcin kasuwa ya zauna mata a baki. Ina karantawa suna amsawa ina sa alama. Abin da kunnena ya ji ranar ba kaɗan ba ne. Mata manya, masu jikoki, kowace tambaya sai su ce "sosai". Hajiya Mariyama ta ce ita har tafiyar shayi takan ji daga maƙoshi zuwa cibiya. Ni kuwa a tawa takardar "ko kaɗan" na zaɓa daga sama har ƙasa, kamar yadda ya kamaci 'yar mutunci.

Bayan 'yan makonni sai ga Habiba da sababbin takardu, tambayoyin nan dai, babu abin da ya canza. Ta ce a sake kai wa matan nan su sake amsawa, haka tsarin yake. Tana sauri, ta ɗauki jaka ta fita.

A ajinmu, Malama ba ta dawo wa mutum da aiki sai in bai ci ba. Nan take na gane komai: matan nan sun faɗi, sun ja wa 'yata, ita kuma kunya ta hana ta faɗa mini. Sai na yi mata kara, ban tambaye ta ba.

Na sake tara su, na dafa shayi, na yi musu magana a hankali kamar yadda na saba. Na ce mun ba da kunya a ƙasar mutane, Daktora ta dawo da aikinmu, za ta ɗauka matan Hausawa ba su da haƙuri. Jikin kowa ya yi sanyi. Hajiya Mariyama ta ce wallahi dama ta ji a ranta maganar shayin nan ta yi yawa. Muka zauna muka yi gyara. Duk wadda ta fara cewa "sosai" sai in ɗago in dube ta, sai ta ce "ko kaɗan". Takardu suka fito tsaf, iri ɗaya, da biro ɗaya, da hannuna.

Kwanakin da suka biyo baya Habiba ta daina cin abinci sosai. Takan zauna gaban kwamfuta ita da Nasrin suna magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka gajiya ce. Ashe ita ma kara take yi mini, ba ta son ta ɗora wa mai jinya damuwa. Da ta ce Daktora na son ganina da ɗaya daga cikin matan, sai na ce a raina to, ranar raba kyaututtuka ta zo.

Muka shiga mikrobas, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, ni da ita da Hajiya Mariyama. A ofis muka tarar da Daktora da Nasrin, da wani dattijo mai tabarau wanda bai amsa murmushina ba. Daktora ta shimfiɗa takardu kashi biyu ta yi bayani, Habiba na fassara mini da murya kamar ba tata ba. Wai ana maimaita tambayoyin ne don a ga ko mutum zai sake ba da amsar da ya bayar a farko, don ta haka ake gane suna da inganci. Matan Nasrin sun maimaita amsoshinsu, Farisanci ya tsaya da ƙafarsa. Namu matan kuwa sun kwanta da jiki mai jin komai sun tashi kamar duwatsu, kuma duk da rubutun mutum ɗaya. Ana zargin Habiba ce ta zauna ta cike su da kanta. In ya tabbata, za a kore ta, tallafin ma ya tafi.

Sai na ji bakina ya ce, "Ai ni na gyara musu."

Habiba ta juyo ta dube ni. "Mama, kika yi me?"

"Na ga an dawo da shi ne. Na zaci sun faɗi."

Wannan kam ba ta fassara ba. Hajiya Mariyama kuwa ta gyara mayafi ta karɓi aikin. Ta zuba musu da Larabci tun daga shayin da na dafa, har da kwaikwayon kallon da nake yi wa mai cewa "sosai". (Ban san haka idona yake yi ba sai ranar.)

A wannan lokacin ne, jama'a, jikina ya tashi ba ni labari. Na ji zuciyata na bugawa a cikin kunnuwana. Na ji ɗinkin rigata yana cizon kafaɗata, na ji zufa na gangarowa a bayana ɗigo-ɗigo. Ofis ya yi tsit, sai cikina ya yi wani dogon kuka wanda ba ya bukatar tafinta. Dattijon ya cire tabarau. Nasrin ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Ga takardata a saman tebur, ta ce ni ba na jin komai.

Daktora ta dafa hannuna ta ce, "Ma'alesh, ya Hajja," wato in yi haƙuri. Ta ce an wanke Habiba, amma ita ma da laifinta tunda ba ta yi mini bayani ba, kuma duk aikin ya lalace, sai ta nemi wasu matan ta faro daga farko. Nasrin ta gama ta bar ta da zango guda.

Sai da muka koma gida muka zo hawan bene Habiba ta riƙe hannuna ta tambaye ni gwiwar. Na buɗe baki zan ce "ko kaɗan", sai na ce mata sosai, kuma tun ranar da na zo. Ta tsaya cak a kan matakala tana kallona. Kafin wata ya ƙare ta samo mana ɗaki a ƙasa.

Da aka sake faro aikin an ba ni muƙamin dafa shayi, an kuma hana ni riƙe biro. Yanzu in aka dawo mini da takarda, nakan tambayi dalili kafin in tara mata. In kuma likita ya ce ina ke ciwo, sai ya gaji da bayanina ya ce halas, wato ya isa haka.