Injin da Ya Tuɓe Mini Riga

Na daɗe ina neman injin sassaƙa akushi mai aiki da wuta, na hannu mai araha, sai na dace a kasuwar Mai'adua. Tsohon ƙarfe ne na gaske. Obinna, wanda ya sayar mini, ya ce, "Alhaji, injin nan ba ya wasa, ka riƙa sa ƙaramar riga." Na ce masa ni jikan masassaƙa ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tara maƙwabta a ƙofar gidana a Daura, ina cikin babbar rigata ta shadda. Na ɗaura gungume, na kunna. Kai, Allah ya yi wa maƙerinsa albarka, ko girgiza babu! Na miƙa hannu ina bayani, sai injin ya cafke hannun rigar, ya shiga naɗewa tsaf yana jawo ni. Ina salati, hancina ya kusa taɓa itacen, aka ɗauke wuta.

Da almakashi Sani tela ya yanko ni, daga ni sai singileti.

Injin yana nan, akushinsa sumul. Amma har yau, da an ɗauke wuta a unguwarmu, sai wani ya ɗaga murya: "Alhamdu lillahi, Alhaji ya tsira!"