Allon Da Gwaggo Ke Nema A Waya

Jiya na sha rana a layin mai, na dawo da jarka wayam, sai na tarar da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a ƙofar ɗakina riƙe da waya.

"Kai da ka yi karatu a ƙasar waje, zo ka nemo min allo a cikin abin nan."

Gwaggo ta shiga sabon ajin manya ne da hukuma ta buɗe, rabi a aji rabi a waya. Ba takardar shaida take so ba. 'Yarta na zaune a gidan surukai, inda ba kowace magana ake faɗa da murya ba, sai ta riƙa rubutowa. Ni namiji ne, an ce ba maganar kunnena ba ce. Mai karanta mata saƙon maƙwabciyarta ce, wadda unguwa ke kira Rediyo. Kafin Gwaggo ta gama jin damuwar 'yarta, mai kayan miya ya ji.

Na kunna darasin. Kiɗa ya tashi. Ga fuskar malama, ga 'yan kunnenta, ga Mai Girma Shugaban Shiri yana gyaɗa kai, furanni na zubo masa daga sama. Malama ta ce, "Ku dubi allo da kyau." Sai aka nuna mana agogon Mai Girma.

Da la'asar na raka ta makarantar, na nemi ganin Babban Mashawarci, wanda aka ɗauko musamman don tsara karatun.

"Ranka ya daɗe, wa ya ɗauki bidiyon darussan nan?"

"Ƙwararre ne. Ya daɗe a harkar."

"Harkar koyarwa?"

"Harkar ɗaukar biki."

Aka kira shi. Mutum mai fara'a. "Yallaɓai," in ji shi, "tun da nake aiki ba a taɓa cewa in ɗauki bango ba. Mutum ake ɗauka."

Mashawarcin tsarin aji kuwa da can shi ke jera wa manya kujeru a wajen taro. Saboda haka layukan gaba na manyan baƙi ne, ko da za su zo. Ba su taɓa zuwa ba. Gwaggo, da idonta mai yana, tana can baya kusa da tsintsiya.

Shi kansa Babban Mashawarci abincin kaji yake sayarwa kafin Allah ya ɗaga shi. "Duk aikin ɗaya ne," ya ce min. "Ka zuba, mai rabo ya tsattsaga."

Inda na yi karatu, akan tambayi mashawarci ko ya taɓa tsayawa gaban aji. Nan wannan tambayar rashin kunya ce. Kuma ni ban ga laifinsu ba. Kowa ya yi aikin da ya iya, ya kuma yi shi da kyau. Ban taɓa ganin Mai Girma ya yi kyau haka ba.

Rubutu ɗaya ne ke fitowa sarai a duk darussan: na jikin ƙyallen da aka rataya a bayansa. Ashe Gwaggo ta daɗe tana tsayar da hoton, tana kwaikwayon haruffan ɗaya bayan ɗaya. Yau da safe ta tura wa 'yarta saƙonta na farko da hannunta: BARKA DA ZUWA MAI GIRMA.

'Yar ta kira tana raɗa. "Inna, wa ya zo?"

"Ba kowa. Hannuna ne."

Don murna, yarinya ta ɗauka uwa ta iya karatu, ta zauna ta rubuto duk abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Gwaggo ta daɗe tana duban saƙon. Ta gane harufa da dama, sai dai ba su jeru yadda ta saba ba. Ta yafa mayafi.

"Ina zuwa, Gwaggo?"

"Gidan Rediyo. Kai ka ci gaba da neman allon."

Ni dai ba mashawarci ba ne, ban taɓa kiwon ko kaza ɗaya ba. Amma ga shawarata kyauta: a rataya wa Mai Girma allon a wuya.